Ɗakunan da Gonata ta Gina

Ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata surorin da nake salla da su. Faɗa nake ana rubutawa, in an ga na maimaita magana a yi min uzuri. Labarin ɗakunan haya nake so in bayar, waɗanda marigayi maigidana ya gina a Kazaure, da gonar da aka jinginar aka gina su. Allah Ya jiƙan Malam.

Ni 'yar ƙasar Roni ce, iyayena Fulani ne da suka zauna suka kama noma. An kawo ni Kazaure ana saura kaɗan Turawa su tafi. Lokacin da aka ce an sami 'yancin kai ina goyon 'yata, ita kaɗai Allah Ya bar mana, sauran duk sun koma tun suna ƙanana. Malam awon gyaɗa yake yi. Da kaka ta yi sai ya ɗauki sikeli ya bi kasuwanni, Gwiwa, 'Yankwashi, Kanya Babba, har Babura, yana auna wa manyan masu saye. Abin da ya samu a watannin nan shi muke lallaɓawa har wata kakar.

Da babana ya rasu aka raba gado, sai na sami gona a gindin wani dutse. Ba ta da girma sosai, amma tana ba da gero, kuma akwai ɗorawa a cikinta. Yayana ne yake noma min ita. Duk kaka zai aiko min da hatsi a kan jaki, da kalwa in yi daddawa. Saboda gonar nan ban taɓa zuwa kasuwa neman tiyar gero ba. Ita ce kaɗai abin da na mallaka wanda ya fito daga hannun ubana.

Sai fari ya zo, bayansa ciwo ya faɗa wa gyaɗa. Malam ya rataye sikelinsa a zaure ya kafa ɗan tebur yana sayar da ashana da sabulu. A daidai lokacin ne kuma aka ce ƙasa ta yi kuɗin mai. An canza fam an kawo naira, an ƙara wa ma'aikata albashi, gari ya cika da baƙin fuska: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu aikin hanya, direbobi. Kowa da kuɗi a aljihu, ba wurin kwana. Wani maƙwabcinmu tsohon soja, Saja muke ce masa, ya gina ɗakuna a can bakin tasha ya zuba 'yan haya, ba a jima ba muka gan shi da sabon babur.

Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe, Malam ya shigo ya zauna a kan turmi, abin da bai saba yi ba.

Ya ce, "Kangon nan na bayan gidanmu, awaki kawai ke kwana a ciki. Da za a yi ɗakuna huɗu, da mun huta."

Na ce, "Da ashana za a gina su?"

Bai yi dariya ba. Ya ce banki sai Kano, kuma shi ba zai taɓa kuɗin ruwa ba, ko da zai taɓa ma wa ya san mai awon gyaɗa a can? Amma akwai Alhaji na Babura. Wannan Alhaji Babarbare ne, iyayensa daga gabas suka zo, yana fatauci tsakanin nan da ƙetaren iyaka, kuma sun saba da Malam tun zamanin gyaɗa. Alhaji zai bayar, amma sai an ba shi abin riƙewa.

Na ajiye rariya. Na san abin da zai faɗa kafin ya faɗa, shi ma ya san na sani.

Ya ce, "Jingina ce, ba sayarwa ba. Damina biyu, in ta yi yawa uku, 'yan haya sun fanso miki ita."

Ban amsa a ranar ba. Na aika wa yayana, ya zo ya ce shi bai so ba, amma gona tawa ce. Ni kuwa ina ganin Malam kullum a bakin teburin nan, mutumin da a da kasuwa ba ta ci sai ya iso, yana korar ƙuda daga kan sabulu. Na ce a yi.

Alhaji ya zo da kansa, aka zauna a zaure da liman da yayana, ni ina daga bayan ƙofa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, don haka tun kafin ya zauna ya ɗaga murya.

"Ina baiwar tawa? Bafilatana da gona! Shanun suka gudu ne kika koma riƙe fartanya?"

Na ce, "Suna nan, Alhaji, bawan da zai yi min kiwonsu nake jira, ga shi kuwa ka iso."

Aka yi dariya har da liman. Amma da aka zo kan magana, Alhaji ya daina wasa. Ya ce shi ba ya ba da kuɗi, don kuɗin zamani ba su da amana, jiya fam, yau naira, a ƙetare sefa. Kaya zai bayar daga shagonsa: kwanon rufi, siminti, katako, ƙusa, ƙyamare, da ladan magina. Gona tana hannunsa yana nomawa. Ranar da aka mayar masa da kayansa, ko kuɗinsu a farashin ranar da aka kawo, a ranar zai saki gona. Ba ƙari, ba wa'adi. Liman ya ce wannan magana ta yi kyau, aka shafa fatiha. Ni ma a lokacin kyau na ga ta yi.

Da rani aka yi ginin. Tubali ne na ƙasa, aka shafe da siminti, aka rufa kwano, aka haƙa masai a gefe. Ƙofar ɗakunan ta waje tana kallon titi, amma Malam ya sa an bar wata 'yar ƙofa tsakaninsu da cikin gidanmu, wai don ɗiban ruwa a rijiya. Ba a gama shafe ba har an kama ɗakunan duka. Na farko wani saurayi ne malamin firamare daga wajen Zariya, muka riƙa ce masa Tica. Sai malamin dabbobi, sai direba, sai wani mai aikin hanya. Dukansu ba mai mata. An yi magana a kan abin da kowa zai riƙa biya duk ƙarshen wata, kowa ya ce ya yarda.

Ranar da suka tare na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na zuba a akushi huɗu na miƙa ta 'yar ƙofar nan. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ba wanda ya ga abin mamaki. A inda na tashi, baƙo ba ya sauka a gidanka ya kwana bai ci tuwonka ba. Malam ma da ya gani cewa ya yi, "Madalla, kin kyauta." Na ce a raina kwanakin baƙunta in sun wuce sai kowa ya san inda zai ci.

Kwanakin suka wuce. Rannan na ɗora tukunya daidai cikinmu, sai na ji Tica ta bayan katanga yana fama da risho, yana tari, ƙaurin shinkafa ya cika gida. Yaro ne, bai girmi 'yata da yawa ba, uwarsa tana can wata ƙasa. Na ƙara ruwa a tukunya. In kuwa ka ba ɗaya, ta yaya za ka hana ukun da ke jin ƙarar akushi?

Kafin wata ya ƙare sun daina ce wa Malam mai gida, sun koma Baba. Ni kuma Inna. Da safe su leƙo su durƙusa su gaishe mu. In direba ya dawo daga tafiya sai ya kawo min albasa ko rake. Malamin dabbobi ya yi wa awakina allura bai karɓi komai ba.

Wata ya ƙare, aka yi albashi. Malam ya sa babbar riga ya zaga ta ƙofar titi, don ya ce maganar haya ba a bi mata ta cikin gida. Ina jin su ta katanga. Tica ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo masa shayi.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

"A'a, wucewa nake na ce in leƙo. Ya ɗakin? Ba ya zafi?"

"Lafiya lau, Baba. Allah Ya saka da alheri."

"To madalla. Ya yaran makaranta?"

Suka yi hirar yaran makaranta, suka yi ta tsadar kananzir, Malam ya shanye shayinsa ya dawo. Na dube shi, ya cire hula ya share gumi.

Ya ce, "Mutum yana kirana Baba, da tuwona a cikinsa, in buɗe baki in ce masa kawo? Bari dai su kawo da kansu."

Ba zan ce ba su taɓa kawowa ba, kada in ɗauki alhakinsu. Wani watan ɗaya zai kawo, wani watan biyu. Wani ya kawo rabi ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, Malam ya ce Allah Ya sawwaƙe, har ya mayar masa da wani abu a ciki ya ce a sai mata magani. Mai aikin hanya aka yi masa canjin wuri ya tafi da na watanni a kansa, ya zo sallama yana hawaye, muka rabu da addu'a. Wanda ya maye ɗakinsa ya tarar da yadda ake yi a gidan, ya bi sahu. Ba mugaye ba ne. Da salla sai su haɗa kuɗi su sai min turmin atamfa, su sai wa Malam yadi. Tica ya taɓa kawo mana rediyo sabuwa fil. A ganinsu abin da suke mana ya fi kuɗin haya, kuma wataƙila ya fi. Sai dai ba a kai atamfa Babura a ce a saki gona.

Kakar farko da jakin yayana bai zo ba, na aika kasuwa aka auno min gero. Na riƙe tiyar nan a hannu na daɗe ina kallonta. Daga nan kullum awo, kuma ba na mutum biyu ba, na mutum shida. Na kama yin ƙuli-ƙuli da fura ina sayarwa daga cikin gida, ribar tana tafiya a tukunya.

Saja ya zo wajen Malam wata rana suna zaune a zaure, na ji yana masa faɗa. Shi Saja ba ya rage murya.

"Malam, kai otal ka buɗe ko gidan marayu? Ni 'yan hayata ko sunayensu ban riƙe ba. Ban taɓa shan ruwansu ba, ba su taɓa shan nawa ba. Akwai wanda nake aikawa ranar albashi, ya tsaya a ƙofa, ba ya ko zama. Ka toshe ƙofar nan ta cikin gida, ka ce wa Inna ta sauke tukunya."

Malam ya ce, "Saja, kai yaƙi ka je ka dawo, zuciyarka ta bushe."

"Ta bushe, amma ga babur a ƙofar gida. Kai me ke ƙofar taka? Takalman masu jiran tuwo."

Suka yi dariya. Da ya tafi Malam ya shigo ya ce min wataƙila Saja yana da gaskiya, daga sabon wata za a gyara. Sabon wata ya kama, Tica ya shigo ya durƙusa ya ce ya ga yarinya a unguwar, iyayensa sun yi nisa, yana roƙon Baba ya shige masa gaba. Malam ne ya je neman auren, shi ya karɓa masa. Ni na yi hidimar uwar ango. Amarya ta tare a ɗakin hayar, aka ba su na kusa da shi da direba ya bari, don ɗaki ɗaya ya yi musu kaɗan. Shekara ta zagayo ta haifi namiji, ranar suna aka raɗa masa sunan Malam. Ranar Malam ya yi kuka don daɗi. Ni ma na yi murna, Allah Ya sani. Amma ina cikin rabon waina na san magana ta ƙare. Wa zai je ya tambayi uban takwaransa kuɗin ɗaki?

Duk da haka ban saki ba. Na shiga adashi da matan unguwa, duk abin da 'yan haya suka kawo kuma in karɓe daga hannun Malam in ɓoye. Da na ɗauki adashi muka haɗa, kuɗin suka yi kauri, har sun kusa abin da aka ce kayan ginin sun ci a shekarar da aka gina. Malam ya hau mota ya tafi Babura, ni ina gida har na fara tunanin irin da za a shuka.

Ya dawo da yamma, ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce Alhaji ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yanka masa kaza, sannan ya kai shi shago ya ce ya tambayi farashin bandir ɗin kwano da bakinsa. Abin da muka tara ko rabin rufin bai saya ba, balle siminti. Kowa a ƙasar gini yake yi, kaya sun yi tashin da ba wanda ya taɓa gani. Alhaji bai cuce mu ba, abin da aka faɗa a zaure gaban liman shi ya maimaita. Ya karɓi kuɗin ya ce an rage bandir kaza. Shekara ta gaba muka sake tarawa, kaya suka sake tashi. Muna tafiya, abin yana gaba yana ƙara nisa.

A wata zuwa da ya yi Kazaure, Alhaji ya biyo ta gidanmu. Ya zaga ya dubi ɗakunan, ya ƙwanƙwasa bango, ya dawo zaure.

Ya ce, "Bafilatana, kina ji? Ni na gaji da gonarki, nisa gare ta, 'yan ƙwadago suna cinye ni. Ku ba ni ɗakunan nan da filinsu, in ba ki gonarki gobe. Ba wanda ke bin wani."

Murna ta kama ni, har na manta in mayar masa da wasan. Sai na ji Malam yana tambaya, "Su yaran fa?"

"Waɗanne yara? Masu gemun nan? Wanda zai biya ya zauna, wanda ba zai biya ba ga titi."

Malam ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Alhaji ya tafi. Ranar ce kaɗai a zamanmu na ɗaga wa Malam murya. Na ce gonar ubana ce, na ce damina biyu ka ce min, yanzu 'yar da aka haifa a shekarar ta isa aike. Na ce su albashi suke ɗauka, ni ƙuli-ƙuli nake murzawa har hannuna ya yi kanta. Bai musa ko ɗaya ba.

Ya ce, "Duk gaskiya kika faɗa. Amma ki ce in kira yaron nan in ce masa na sayar da ɗakin da takwarana yake kwana? Da wane ido zan bi ta unguwar nan? Ki ƙara min haƙuri, zan yi musu magana su riƙa biya."

Bai yi ba. Na san ya yi niyya, don sau da yawa ina ganinsa ya sa riga ya zaga ta titi, ya dawo da ɗan yaron a kafaɗa. Mutum ne da bai iya tambaya ba. A zamanin gyaɗa ma in manomi ya yi masa kuka sai ya cika masa awo daga nasa. Abin da ya sa na so shi ke nan, shi ne kuma ya cinye min shekaru. Ban san yadda zan raba biyun ba, har yau ban sani ba.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Tica ne ya yi ta kai shi asibiti, shi ya sayi magunguna, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da Malam ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya sa aka kira liman da ƙaninsa, ya ce su shaida ɗakunan nan da filinsu ba sa cikin gadonsa, nawa ne, gonata ce ta gina su. Da suka fita ya kama hannuna ya ce, "Ki yafe min gonar." Na ce na yafe. Wallahi na yafe. Bayan kwana kaɗan ya cika, da hantsi, kansa a kan cinyata.

A dakata min kaɗan.

'Yan hayar nan su suka ɗauki makara, su suka zauna karɓar gaisuwa kamar 'ya'yan cikinsa. Duk tsawon takabata matar Tica ce take min shara da ɗiban ruwa. Ba wanda ya kawo kuɗin ɗaki a watannin nan, ni ma ban tambaya ba. Teburin Malam ya tashi, ƙarfina ya ragu, 'yata tana can gidan mijinta a Gwiwa da nata nauyin. Wata rana na duba buhu na ga abin da ya rage ba zai kai mu Juma'a ba, ga kuma yayana ya aiko cewa ya tsufa, in ina da niyyar karɓar gonar in karɓa yana raye, don shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda suka san iyakarta.

Da na fita takaba na sa ƙanin Malam ya raka ni Babura. Alhaji ya tsufa shi ma, ido ya fara ba shi wahala. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya ce, "Yau ba zan tsokane ki ba, Bafilatana." Na ce, "Ka tsokana mana, wa ya rage min da zai tsokane ni?" Sai ga shi yana share ido. Na tambaye shi ko maganar musaya tana nan. Ya ce tana nan. Aka kira shaidu aka gama a ranar.

Da na dawo ban aika kowa ba, na kira Tica da kaina. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina. Na gaya masa tun daga farko, jingina da kwanon rufi da komai, na ce daga sabon wata ɗakunan na Alhaji ne, ɗansa zai riƙa zuwa karɓar haya.

Ya ce, "Inna, gonarki ce a ciki? Duk shekarun nan?"

Na ce, "Ita ce."

"Me ya sa ba a gaya mana ba? Wallahi mun ɗauka Baba ya gina ne da kuɗin gyaɗa. Ni na taɓa kawo masa na wata uku a haɗe, ya ce in bari in sai wa takwaransa rago. Na ɗauka in na matsa zai ji kamar na mayar da shi bare."

Na ce, "Shi ma abin da ya ji tsoro ke nan."

Ya yi kuka, na yi kuka. Ya ce zai nemo rance ya biya duk na baya a fasa musayar. Na ce an riga an shafa fatiha, kuma ko ya sayar da duk abin da ya mallaka ba zai kamo farashin kwano ba.

Ɗan Alhaji ya zo da magini aka toshe 'yar ƙofar nan da bulo. Ya kuma ƙara kuɗin ɗaki. Na zaci za su tashi, ba wanda ya tashi. Ranar albashi yaron zai zo a kan babur ya tsaya a titi, kowa ya fito ya miƙa masa, ba a ko gaisawa sosai. Wata bai taɓa tsallakewa ba. Ina jin ƙarar babur ɗin daga cikin gida. Ashe kuɗin suna nan tun da can, mai tambaya ne babu. Ban ji haushin kowa ba, gajiya kawai na ji, irin wadda barci ba ya maganinta.

Kafin damina na tafi Roni, yayana ya dogara sanda ya kai ni gonar ya nuna min iyaka. Da ƙyar na gane ta. Wanda ya karɓi jingina ba ya kai taki, don bai san ranar da za a zo a fansa ba, ba zai gyara wa wani ƙasa ba. Shekara da shekaru ana ɗiba ba a mayarwa. Ƙasar ta yi fari, ta koma rairayi, ƙuduji ya cinye ta. Ɗorawa an sassare rassanta an ba dabbobi. Shekarar farko abin da aka girbe bai fi irin da aka zuba da yawa ba.

Na sayar da gadona na ƙarfe da tasoshin da aka kawo ni da su, na ba makiyaya su kwantar da shanu a ciki da rani. Na yi haka shekara bayan shekara, duk abin da na samu a fura can yake tafiya. Yayana ya rasu bai ga ta farfaɗo ba. Ɗansa ne yake noma ta yanzu. Ni ƙafa ta ƙi, rabona da ganinta an daɗe.

Bana bayan girbi ɗan yayan nawa ya zo gaishe ni, ya ce gefen dutse ya dawo sosai, gefen hanya ne har yanzu da saura. Sai ya gyara zama ya ce wani mutum ya yi masa magana, wai tunda hanya ta biyo ta wajen, zai ba da kuɗi masu yawa a jinginar masa da gonar, in ina so in yi gini a nan cikin gari in zuba 'yan haya in huta.

Na ce masa, "Ka gaya masa na gode. Da rani ka nemo masu shanu su kwana a gefen hanyar."